Lab ɗin da na kai samfurin kwaɗin Kakuri: gwajin ƙarfe sai yabo, na fata da saura

'Yan'uwa ɗalibai masu aiki a kan ruwan Kogin Kaduna sun dame ni da tambayar inda nake kai samfuri. Wani lab ne mai zaman kansa a tsallaken gada, kudancin gari. Ba zan kama suna ba, tunda akwai yabo akwai ƙorafi.

Aikina na digiri na biyu a kan bakteriyar da ke zaune a fatar kwaɗi ne, musamman burduddugi, a magudanar da ta ratsa Kakuri da Makera ta zuba a kogi. Unguwar masaƙu ce tun 1957 da masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta fara aiki. Yawancinsu sun rufe, amma ƙarafa masu guba da ke bin ruwan dattin masana'antu, irin su dalma da kadmiyom da kuromiyom, ba sa ruɓewa, kwanciya suke yi a laka, ga kuma abin da garejin kanikawa da masu gyaran batir ke ƙarawa. Shi kuwa kwaɗo ba da baki yake shan ruwa ba, ta fatar cikinsa yake tsotsa, ta fata kuma yake wani ɓangare na numfashinsa. Duk abin da ke ruwan, fatar ce ke fara karɓarsa.

Ɓangaren ƙarafa sun san aikinsu. Tun kafin in fita daji suka ba ni robobin da aka wanke da asid, suka nuna mini yadda zan ɗiga asid ɗin naitirik a ruwan don kada ƙarfen ya manne a jikin roba. Dattijon da ke kula da na'urar AAS mai auna yawan ƙarfe a samfuri, da ya ga ruwa kawai na kawo, sai ya ce, "Malama, ruwa ai wucewa yake yi. Koma ki ɗebo mini laka." Ya yi gaskiya, a lakar abin ya fi taruwa. A takardar sakamako sun sa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya gefe da gefe, miligiram 0.01 na dalma a lita, 0.003 na kadmiyom, sai dai a tuna wannan na ruwan sha ne, ba na kwata ba. Kowane ƙarfe da kuɗinsa, kuma ranar da babu wuta a kanka kuɗin dizal zai ƙare.

Matsalar tana ɓangaren bakteriya. Na yi nawa: sabon safar hannu ga kowane kwaɗo, in ɗauraye shi da ruwa mai tsabta don a rabu da bakteriya 'yan ci-rani da suka manne daga laka, sannan in goga tsinken auduga a ciki da cinyoyi da baya, in sake shi inda na kama shi. Su kuma suka karɓa kamar samfurin majinyaci. Suka shafa a farantin jini, wato farantin renon bakteriya da ake haɗa abincinsa da jini, suka sa a inkubeta a digiri 37, washegari suka duba. Digiri 37 zafin jikin ɗan Adam ne. Kwaɗo zafin jikinsa na wurin da yake zaune ne, kuma da yawa daga bakteriyar fatarsa sun fi son faranti mara maiƙo irin R2A, a zafin ɗaki, a ba su kwanaki su fito a hankali. Sakamakon da aka miƙo mini cewa ya yi ba a ga ƙwayar cuta mai haɗari ba. Na ce wa yarinyar da ke kanta, "'Yar'uwa, ai ba asibiti na kawo shi ba."

Abin da ya sa na damu shi ne, waɗannan masu jinkirin su nake nema. Wasunsu garkuwa ne ga kwaɗon. Akwai Janthinobacterium lividum, mai fitar da launin shunayya a faranti, wanda sinadarinsa ke hana funfunar nan ta Bd yaɗuwa, wadda aka raɗa wa suna a 1999 bayan ta yi wa kwaɗin Ostareliya da tsakiyar nahiyar Amurka mummunar ɓarna. Idan ƙarfe yana tace waɗanda za su rayu a fata, to sai ka ga kowa kafin ka ce wane ne ya ɓace.

Abu guda daga ɗabi'arsu ta asibiti ya yi mini rana: sun gwada abin da ya tsiro da magungunan antibayotik ba tare da na nema ba. Sanannen abu ne jure ƙarfe da jure magani sukan zo a ƙunshin ƙwayoyin gado ɗaya a bakteriya, don haka na riƙe wannan shafin.

Da na kawo R2A da kuɗina, na zauna da ogan ɓangaren na yi masa bayani, bai yi girman kai ba, ya ware mini teburin aiki a ɗaki mai sanyi. Gwajin DNA na 16S kuwa, wanda ake tantance nau'in bakteriya da shi, ba sa yi, aikawa suke wani gari, kuma firizarsu da wutar NEPA take kwana take tashi. Tsinkayen da zan aika na kwashe su a cikin kula mai ƙanƙara na mayar firizar sashenmu.