Tankin Tsohon Babur da Rizab: Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗi

Mai sayar da tsohon babur zai ce maka tankinsa yana cin lita 12, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Abin da ba zai iya tabbatar maka ba shi ne nawa daga cikin litocin nan ke isa kabureta, da kuma ko rizab, wato ragowar man da ake ajiyewa a ƙasan tanki, zai amsa ranar da mai ya yanke maka a hanya. Idan babura biyu ne a gabanka, nan ya kamata gardamar ta tsaya.

Rizab ba wani tanki ba ne daban. Makullin mai da ke ƙasan tanki yana da bututu biyu da suka leƙa ciki, dogo da gajere. Idan hannun makullin yana kan ON, mai yana bi ta dogon, kuma da zarar ya sauka ƙasa da bakinsa sai injin ya fara tari ya mutu. Ka juya zuwa RES, wato rizab, gajeren ya zuƙo abin da ya saura. Saboda haka yawan rizab ya rataya ne a kan tsawon wancan dogon bututu da siffar gindin tanki. Idan an taɓa sa makullin wani babur, ko bututun ya tsinke ya faɗa cikin tanki, to ON zai shanye man har ƙasa, kai kuwa kana tafe da ƙarfin gwiwa, sai ka juya ka ji shiru.

Ta fuskar girma, bambancin yana da faɗi. Honda Super Cub, da aka fara ƙerawa a 1958, tankinta yana ƙarƙashin kujera, bai wuce lita 4 ko kusa da haka ba. CG125 tana ɗaukar wajen lita 12. Harley-Davidson Sportster mai ƙaramin tanki tana ɗaukar kusan lita 8 duk da girman injinta, ita kuwa BMW R80 G/S ta Paris-Dakar lita 32 take ci. Amma yawan lita shi kaɗai ba ya faɗin nisa, sai an haɗa shi da shan man injin. A ce tanki lita 12 ne, rizab lita 2, babur yana yin kilomita 35 a lita: kilomita 350 ke nan a kan ON, da 70 a kan RES. Injin da ya tsufa, ko kabureta da ba a saita ba, ko goyo da kaya, duk suna rage wannan lissafi, don haka ka cire kashi ɗaya cikin biyar kafin ka dogara da shi. Idan littafin babur da galan ya rubuta, duba na wace ƙasa ne: galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5.

Babban tanki ma yana da nasa nauyin. Litar fetur tana kai kusan giram 750, wato lita 32 kusan kilo 24 ne zaune a saman babur, kuma za ka ji shi a kwana da lokacin turawa. Ga wanda tafiyarsa gajera ce, babban tanki yakan zauna rabi fanko, iska mai laima ta cika saman, ta zama ɗigon ruwa, ruwan ya haifi tsatsa. Mai doguwar hanya ne kaɗai ke cin ribarsa.

Sai nau'in makulli, kuma a nan muka fi so mai saye ya daɗe. Na hannu, mai ON da OFF da RES, shi ne mafi sauƙi. Ba abin da zai lalace cikinsa sai robar da ke bayan hannun da ragar tace mai. Aibinsa mantuwa ce iri biyu. Idan ka ajiye babur makullin a buɗe, kuma allurar kabureta ba ta toshewa sosai, mai zai malalo, wani lokaci har ya gangara ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Idan kuma ka sha mai ka manta mayar da hannun daga RES zuwa ON, ka cinye rizab ɗinka ba ka sani ba.

Na biyu shi ne mai aiki da zuƙar injin, wanda yawanci zaka ga ON da RES da PRI a jikinsa, babu OFF. Wata siririyar tiyo daga injin ke jan 'yar roba mai laushi ta buɗe hanyar mai, injin ya mutu ta rufe da kanta. Yana maganin mantuwa ta farko, amma a tsohon babur robar nan takan bushe ta tsage. In ta tsage, ko dai mai ya ƙi zuwa, ko ya bi ta siririyar tiyon ya shiga injin kai tsaye, filogi ya yi baƙi. PRI kuwa don cika kabureta ne bayan dogon zama, ba wurin barin hannu ba ne. Gejin mai ko fitilar gargaɗi a tsohon babur taimako ne, amma wayarsu da 'yar robar da ke shawagi cikin tanki suna yin ƙarya idan sun kwana biyu. A ganinmu, ga babur mai shekaru, makullin hannu ya fi kwanciyar hankali.

Wajen dubawa, buɗe murfin tanki ka haska da tocila, ba ashana ba. Ɗan ja-ja a sama ana iya wanke shi. Tsatsar da ke ɓarewa kamar ɓawo, ko fenti da ya kumbura a gefen ƙasa na tanki, alamar ƙarfen ya kusa hujewa ce daga ciki. Ruwa da datti ƙasa suke zama, daidai inda gajeren bututu yake, shi ya sa babur da yawa ke tafiya lafiya a ON amma su fara shaƙewa da an juya RES. Idan makullin hannu ne, cire tiyon mai daga kabureta, sa bakinta cikin kwalba mai haske, juya RES, ka ga abin da zai fito. Idan ruwa ya kwanta a gindin kwalbar, ka ga amsa. Duba kuma ɗan ramin iska na murfin: in ya toshe, babur zai mutu kamar mai ya ƙare bayan 'yan kilomita, ka buɗe murfi ka ji iska ta shiga, ya tashi.

Auna rizab a makullin hannu ba shi da wuya, a fili, injin a sanyi, nesa da wuta. Babur a tsaye, bar mai ya zuba a kan ON har ya tsaya, sannan ka canza mazubi mai awo ka juya RES. Abin da ya fito shi ne rizab na gaskiya. Tankin da ya hau kan firam kamar sirdi yakan riƙe ɗan mai a ɓangaren da ba makulli. Karkata babur wajen makullin zai dawo da shi, kuma wannan dalili ne ya sa wasu tsofaffin BMW ke da makulli biyu.

Idan tankin ya lalace amma injin yana da kyau, zaɓi uku ne. Wanke tsatsa da shafa maganin rufe ciki yana yi idan ƙarfen da kauri, sai dai in ba a busar da tankin sosai ba, shafin zai ɓare ya toshe raga. Walda sai an fitar da tururin fetur gaba ɗaya, don tanki fanko shi ne mai fashewa. Sabon tankin kwaikwayo kuwa ka gwada shi a firam kafin ka biya, ka tabbatar makullin yana ɗaurawa daidai a jikinsa, sannan ka sake auna rizab, domin siffar gindinsa ba lallai ta zama irin ta asali ba.