Takarda, Waya ko Sauti: Me Za a Saya wa Gida a Hutun Hunturu?

Makarantun boko sukan yi hutu a tsakiyar Disamba, daidai lokacin da hunturu ke kankama a Sakkwato. Hazo da safe, ƙura da rana, da an idar da sallar isha'i kuwa kowa ya shige ɗaka ya ja bargo. Dare ya yi tsawo, yara ba aikin gida daga makaranta. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa da labari. Sai dai kuɗin hannu kaɗan ne, dole a zaɓi inda za a sa su.

Ni dai, idan akwai yaro ɗan firamare ko ƙaramar sakandare a gidan, littafin takarda nake cewa a fara saye. Ba ya neman caji, ba ya cin data, kuma yaro yana ganin yadda ake rubuta Hausa da ƙa'ida, da ɓ da ɗ da ƙ a muhallinsu. Gajerun labarai sun fi dogon littafi amfani a nan, domin yaro zai gama guda a zama ɗaya, ya tashi da jin ya yi wani abu. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin littattafai uku a ƙarshen shekarun 1930, har yau shi ne ma'auni: aku ne ke jero labarai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Littafi na ɗaya kaɗai ya isa hutun nan.

Amma a kula wajen saye, don jabu sun yi yawa. Idan mai shago ya ce, "Alhaji, mi kaka biɗa? Ga shi nan, sabo ne," karɓi ka buɗe tsakiya, kada ka tsaya a bango. Duba ko tawada ta dushe kamar hoton kwafi, ko lambobin shafi sun yi tsalle. Lanƙwasa gindin littafin a hankali. Wanda aka manna da gam kawai, bushewar hunturu takan fasa shi, kafin sati biyu shafuka sun fara zubewa. Mai ɗinki ya fi ƙarko ko da ya ɗan ɗara tsada.

Karatu a waya shi ne mafi araha a ido, kuma shi na fi ɗari-ɗari da shi. Ga babba wanda ya san abin da yake nema, Wattpad da rukunonin marubuta na WhatsApp da Facebook cike suke da labarai. Ga yaro kuwa, ka miƙa masa waya don karatu, ka juya baya, ya koma TikTok. Sannan yawancin littattafan da ke yawo kyauta an kwashe su ne ba da izinin masu su ba. Marubuciyar da ta kwana tana rubutu tana da haƙƙi. In ta sa kuɗi a kan littafinta, a biya ta kai tsaye.

Sauti kuma nasa amfanin daban ne. Uwar gida tana tankaɗe ko tana ninke kaya, tela yana kan keke, tsohuwa idonta ya yi rauni: duk suna iya bin labari hannu na aiki. Hanya mafi tsada ita ce kallo kai tsaye a YouTube, domin kana biyan datar bidiyo alhali murya kawai kake so. Ya fi sauƙi a sayi memori a je wurin masu turi, ko a karɓa daga wayar wani ta Xender. Awa guda ta murya a MP3 mai matsakaicin inganci ba ta wuce kimanin megabait 30 ba, ke nan memori mai gigabait 8 zai ɗauki fiye da awa 200. Ba sai an sayi babba ba. Hasali ma, memori mai arha da aka rubuta wa 32 ko 64 shi ya fi zama na bogi, ya karɓi kaya lafiya, gobe ka buɗe ka tarar rabi ba ya tashi. A gwada shi a gaban mai shago.

Na fi son a haɗa shi da 'yar rediyon nan mai cin memori da caji, maimakon waya da abin kunne. Kowa a ɗakin zai ji tare, babba ya san abin da ke shiga kunnen yaro. Wannan batu ba ƙarami ba ne. Da yawa daga littattafan da ake karantawa a sauti na manya ne, wasu ma da batsa a fili, kuma mai turi ba zai tantance maka ba, cika memori kawai zai yi. Saurari farko da tsakiyar kowane labari kafin ya shiga ɗakin yara. Ka kuma saurari muryar: yanzu akwai waɗanda na'ura ce ke karantawa, tana take karin harshe, ba ta bambanta dogon wasali da gajere. Yaro mai koyo bai kamata ya saba da irin wannan Hausa ba.

Wanda ke son gajeren labari na zamani da aka tace, ya nemi na gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta. Ana karanta zaɓaɓɓun labaran da murya mai kyau, kuma ba su da tsawo. Sai dai jigoginsu sukan taɓo aure, rashin tsaro da cin zarafi, don haka sun fi dacewa da matasa da manya.

Gidan da kuɗinsa bai kai na rediyo da memori ba, ya sayi littafi ɗaya mai ɗinki, a sa babban yaro ya riƙa karanta labari guda kowane dare da ƙarfi, ƙanne da kaka suna ji, wanda ya fi shi iyawa yana gyara masa inda ya yi tuntuɓe.