Kafin ka zuba kuɗi a lensin makiro, karanta wannan tukuna

Masu ɗaukar hoton zoben aure, sarƙar gwal, aikin hula ko ƙananan ƙwari duk kukansu ɗaya ne, wai gaban abin ya fito raɗau amma bayansa dishi-dishi, sai mutum ya yanke hukunci lensinsa ne ba kyau ya fara tara kuɗin sabo na makiro, wato lensin ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa. Dakata ɗan'uwa. Idan ka matso har girman abin a kan sensa (farantin cikin kyamara da hoto ke sauka a kai) ya zama daidai da girmansa na zahiri, wato 1:1, to a f/8 (lambar ƙofar hasken lensi, ƙaruwarta na nufin ƙofar ta ƙara matsewa) wurin da zai fito tar bai wuce milimita 1 ba, a f/16 kuma kusan milimita 2. Kuma wannan lissafin bai san tsada ba, ko lensin miliyan ka ɗaura haka zai ba ka.

To me za a saya kenan?

Mafi arha shi ne zoben juya lensi, ka kifa lensinka na 50mm ta baya. Yana kawo abu kusa sosai amma fokos na otomatik ya tafi, sarrafa ƙofar haske ma ya tafi sai dai in tsohon lensi ne mai zoben afaca, wato na saita ƙofar, a jikinsa, ga gilashin baya a waje ƙura na hawa, da hunturu ban ba ka shawara ba gaskiya.

Sai bututun da ake sawa tsakanin kyamara da lensi, irin na Kenko mai guda uku 12, 20 da 36mm, ko na Meike. Babu gilashi a ciki don haka bai ƙara wani hazo, amma yana cin haske kuma muddin yana jiki ba za ka iya ɗaukar abu mai nisa ba. In za ka saya ka leƙa ciki ka tabbatar akwai ƴan ƙarafan nan masu haɗa wuta, waɗanda babu su sun fi arha amma lensin zamani galibi zai tsaya a buɗe ne, a buɗen nan kuwa matsalar take.

Ni wanda ya fi kwanta min a rai ga mai farawa shi ne Raynox DCR-250, ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Maƙala shi ake a gaban lensi mai baki 52 zuwa 67mm, ƙarfinsa +8, fokos ɗinsa na kamawa a tazarar kusan santimita 12, kuma bai cin haske kamar bututu. Ya fi daɗi a kan lensi mai tsawo, a gajere gefen hoto na yin baƙi. A wurin biki ka maƙala ka ɗauki zobe ka cire ka ci gaba da aikinka.

Lensin makiro na ainihi, su Tamron 90mm, Sigma 105mm, Canon 100mm ko Nikon 105mm, abin da kake biya shi ne tazara da sauƙin aiki, ƙwaro ba zai tashi ba kuma inuwarka ba za ta rufe abin ba. Na hannu ma ya isa, ka dai haska tocila ciki ka duba ko ya yi fumfuna.

Amma wallahi in kuɗinka na abu ɗaya ne, filash za ka fara saya, ko ɗan Godox ne, ka rufa masa farin abu mai tausasa haske. Da shi ne za ka iya matse ƙofa zuwa f/11 ba tare da hoton ya yi duhu ko rawar hannu ta ɓata shi ba. Kar dai ka kai f/22 da sunan neman zurfi, a 1:1 f/16 ma aikin f/32 yake yi, hoton duka sai ya yi laushi. Sannan ka kashe fokos na otomatik, ka saita da hannu, ka riƙa matsawa gaba da baya a hankali har idon ƙwaron ko dutsen zoben ya fito, kuma ka daidaita fuskar kyamara da fuskar abin.

Mai sayar da gwal ko agogo da yake son komai ya fito tar daga farko har ƙarshe, shi nasa maganin tirayfod ne da ɗaukar hotuna da yawa kana gusa fokos kaɗan-kaɗan, sai manhajar Helicon Focus, Zerene Stacker ko Photoshop ta haɗe su ɗaya. Kafin ka sayi layin gusa kyamara ka duba menu tukuna, kyamarorin Olympus da yawancin Nikon Z da Canon R suna yin gushin nan da kansu.