Ganin likita kan lalurar maza a Maradi: abin da na tarar a wani asibitin kuɗi

Na yi wata takwas ina fama da raunin mazakuta kafin na yarda na kai kaina wani asibiti mai zaman kansa a nan Maradi, kuma a duk tsawon lokacin abin da nake sha shi ne ƙwayoyi da tsimin da ake talla a tasha da bakin kasuwa. Na biya jika 5 kuɗin ganin likita, na zauna ina jiran a rubuta mini magani in tafi.

Likitan bai yi gaggawar ɗaukar biro ba. Sai da ya rufe ƙofa, ya sallami ma'aikaciyar jinya, sannan ya ce: "Alhaji, zan yi maka tambayoyi masu nauyi, amma abin da ka faɗa a ɗakin nan ba zai fita ba." Ya tambaye ni matana nawa, da ko matsalar tana faruwa da kowacce, da ko gaba yana tashi da asuba, da ko na taɓa ciwon sanyi ko fitsari da zafi, da irin magungunan da nake sha, har da na gargajiya. Bai yi murmushi ba, bai kuma kawar da kai ba, wannan natsuwar tasa ce ta kwance mini baki. Da ya zo kan yawan ƙishirwa da tashin fitsari da dare, sai na yi mamakin abin da ya haɗa su da kukana. Ya bayyana mini cewa jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi ya sa ciwon suga da hawan jini sukan fara nuna kansu a nan tun kafin mutum ya ji wani abu a ƙirji. Awon sugan jini da aka yi mini kafin karin kumallo, sau biyu, ya wuce giram 1,26 a lita, wato iyakar da ake tabbatar da ciwon suga. Shekara nawa da zan yi ina ɗauke da shi ban sani ba, da a ce ƙwaya kawai ya miƙo mini.

Ya kuma ja kunnena a kan sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, wanda ake cusawa cikin wasu magungunan ƙarfin maza ba tare da an rubuta a jikin kwalba ba, domin idan ya haɗu da maganin ciwon ƙirji mai nitrat yana iya faɗar da jini ƙasa har ya kai ga halaka. Gwajin sida da na ciwon hanta kuwa sai da ya nemi yardata kafin a ɗebi jini.

Inda asibitin ya gaza shi ne wurin karɓar baƙi. Mai rubuta suna yana tambayar abin da ya kawo mutum da murya sama, ga mata da yara zaune a benci ɗaya, kuma na ga wani dattijo ya ce ciwon kai ne, alhali fuskarsa ta nuna ba shi ba ne. Wannan ya dame ni ƙwarai, don irin wannan kunya ce ke mayar da maza wurin masu talla. Na faɗa wa likitan, ya ce zai yi magana da su, ni kuma ina da komawa bayan wata ɗaya don a sake auna sugan.