Ustan (gwanin makanike) da ya tada min babur BSA M20 a Kasala ta Sudan: abin da na gani a aikinsa

Salamu alaikum jama'a. Masu tare ni a hanya suna tambayar wa ya gyara min tsohon babur ɗin nan, to ga bayani, zan faɗi na yabo in faɗi wanda bai min daɗi ba.

Babur ɗin BSA M20 ne na sojan Ingila, irinsa wajen 126,000 kamfanin ya ƙera a Birmingham lokacin yaƙin duniya na biyu, lambar jikinsa ma da WM20 ta fara. Gadon kawuna ne, Allah ya jiƙansa, ya shekara da shekaru a jingine a zaure, fistan ya kafe, tanki duk tsatsa. Kuma duk ɗan Kasala ya san yaƙin nan ya taka garinmu, Italiya ta kama shi a Yulin 1940, sojan Ingila suka karɓe a Janairun 1941 suka wuce Keren ta Eritiriya, shi ya sa ni ban ɗauke shi a matsayin tsohon ƙarfe ba.

Makanikan da na fara kai wa duk bakinsu ɗaya, wai a cire injin a ɗora na babur ɗin Sin a huta. Sai aka kwatanta min wani dattijo a unguwar masu warsha, wato garejin gyara, yana ganinsa ya ce "ɗana, wannan injin ba a yar da shi, in za ka iya haƙuri bar min shi." Wallahi nan ya saye ni.

Abin da ya fi burge ni, mutumin nan gyara yake, ba canji ba. Notinan babur ɗin awon Whitworth ne, wato tsohon awon inci na Ingila, sifanar milimita ba ta kama su daidai sai dai ta cinye musu kai, shi kuwa yana da tsofaffin sifanoninsa na wannan awon a akwati, notinan da suka lalace kuma ya kai wa masu makrata, wato injin sassaƙa ƙarfe, suka sassaƙa sababbi. Fistan bai buge shi da guduma ba, jiƙa shi ya yi ta yi da gas da mai har ya saki da kansa. Magineton, wato abin da ke ba fulogi wuta, na Lucas ne, in ya yi zafi sai wuta ta ɗauke, ya kai wa masu naɗin wayar injin ban ruwa na lambunan sawagi suka sake naɗa shi. Kaburetar Amal ta asali ita ya wanke ya mayar, ya sa mata wani abu tsakaninta da injin saboda irin wannan injin mai bawul a gefe zafi gare shi sosai, ga ranar Kasala, in ba haka ba man ya dinga tafasa kenan yana mutuwa a hanya.

Inda ban ji daɗi ba: lokaci. In ya ce maka jibi to ka sa a ranka wata ne, waya kuma ba ya ɗauka sai ka taka ka je. Na san halin yaƙi da ƙasa ke ciki tun 2023 ya sa isbera, wato kayan gyara, wuya da tsada, wannan na yi masa uzuri, amma fenti kam sakaci ne, launin ƙasa na soja na ce, ya fito da ƙyalli kamar na sabuwar raksha, wato babur mai ƙafa uku, sai da aka sake.

A kan hanya fa? Injin 496cc ne silinda ɗaya, giya huɗu a ƙafar dama birkin baya a hagu, ba ya gudu amma yana da ja, ƙararsa dum dum dum a natse. Baya babu shokozoba ko kaɗan, in ka bi hanyar dutsen Totil ƙugunka zai gaya maka. Birki ma sai ka fara kamawa tun daga nesa, wannan ba laifin usta ba ne, haka aka ƙera shi. Tada shi kuwa sai da ya zaunar da ni ya koya min yadda ake ja da wuta baya, wato a jinkirta wutar fulogi, kafin a buga kik, don kar ya hauro ya doke ƙafa.

Mai irin wannan babur a ajiye, Norton ko Matchless ko BSA, ni dai ina ba shi shawarar wannan dattijon, amma ku yi maganar fenti da kuɗi a gaban shaida tun farko, kuma kar ku kai masa in kuna sauri. Allah ya ƙara masa lafiya.