Buga hoton leburori goma sha ɗaya a Wudil: takarda ta yi, fileks bai yi ba

A bakin tashar Wudil akwai wani shago da ke buga hoto, ya yi masa firam, ya kuma buga allon talla na fileks. Yawancin aikinsa hotunan biki ne da kalandar 'yan siyasa. Hoto baƙi da fari mai shekara sama da casa'in shi ne ke tona asirin injin da mai riƙe da shi, don haka da irinsa aka gwada shagon: hoton nan na ma'aikata goma sha ɗaya zaune a jere kan ƙarfen gini suna cin abincin rana, ƙafafu na reto a sararin sama. Masu gidan bulo da 'yan kwangilar gini na son rataya shi a ofis.

Sai an san abin da ke cikin hoton kafin a san ko bugu ya yi kyau. An ɗauke shi ran 20 ga Satumba, 1932, a hawa na 69 na benen RCA da ake ginawa a Cibiyar Rockefeller, birnin New York na Amurka, kimanin mita 260 daga ƙasa. Jaridar New York Herald Tribune ta fitar da shi ran 2 ga Oktoba na shekarar. Shekara uku ke nan da rushewar kasuwar hannun jari ta Oktoban 1929. Bankuna na durƙushewa, masana'antu na rufe ƙofa, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka zaman kashe wando yake. Mai karanta jarida a ranar ya saba ganin layin masu jiran abincin sadaka. Sai ga mutane da aiki a hannu, da abinci a cinya, gari kuma na ƙara tsawo. Duk wanda ya taɓa zama a bakin titi da cebur da kwanon kwaɓa tun asuba yana jiran mai ɗaukar lebura ya san daɗin da ke cikin wannan zama. Gaskiya ne shirya hoton aka yi don tallar ginin, amma mutanen ma'aikatan wurin ne na gaske, ba 'yan wasa aka ɗauko ba.

Abu biyu ke ɗauke da hoton. Na farko hannaye da fuskoki: na gefen hagu yana kunna sigari a wurin maƙwabcinsa, wasu sun buɗe kwalin abinci, na ƙarshe a dama riƙe da kwalba, kowa hankalinsa kwance kamar a gindin bishiya suke. Na biyu shi ne sararin da ke ƙarƙashin takalmansu, inda rufin gidaje ya ƙanƙance, dandalin Central Park kuma ya dushe cikin hazo a baya. Bugun da ya ɓata ɗaya daga ciki ya ɓata kuɗin mai shi.

A takardar hoto girman A3, wato santimita 42 da 29.7, shagon ya fita kunya. Takardarsu mai kauri ce, wajen giram 230 a kowace murabba'in mita, kuma suna da marar sheƙi, wadda ita ta dace da baƙi da fari domin mai sheƙi na mayar da hasken ƙofa ta rufe fuskoki. Lanƙwasar hular kowane mutum ta fito, igiyar ƙarfen da ta ratsa gefen dama ta fito da murɗinta, hazon baya bai koma farar takarda ba. Sharaɗi ɗaya ne: a kai musu hoto mai nauyi. A3 na bukatar aƙalla ɗigo 150 a kowane inci, wato kusan fiksel 2,480 a tsawo. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba yakan sauko zuwa wajen 1,600, ya rage ɗigo ƙasa da 100 a inci, nan take idanu da baki su zama tabo. A tura shi a matsayin fayil, ko a kai a filashi. Mai shagon ba ya tambaya. Abin da aka ba shi yake bugawa, kuma wannan rauni ne a wurin mai sana'a.

Aibi na farko a launi yake. In ba a yi magana ba, injin na haɗa baƙin ne da tawada huɗu, sai hoton ya ɗan yi kore-kore, wani lokaci ruwan hoda, musamman a hazon sama. Cikin shago da ƙwan lantarki ba a lura, sai an fito rana. Maganinsa a ce a mayar da fayil ɗin baƙi da fari zalla, a kuma fara buga ɗan yanki kamar tafin hannu, a zaɓi wurin mutum biyun da ke kunna sigari, a duba shi a waje. Suna yarda da wannan gwaji ba gardama. Hotunan da aka shafa wa launi da ke yawo a intanet kuwa a bar su, aikin baya-bayan nan ne. Asalin yana kan farantin gilashi, ya ma tsage, ana ajiye da shi a rumbun ƙarƙashin ƙasa a jihar Pennsylvania.

Aibi na biyu ya fi ciwo, kuma na hannu ne. Fasalin hoton bai yi daidai da na A3 ba, takardar ta fi shi tsawo a kwance. Yaran shagon ba sa son ganin fari a gefe, don haka ko dai su ja hoton har mutanen su yi ƙiba, ko su ƙara girmansa su datse sama da ƙasa. Datse ƙasa shi ne kisan hoton. Da zarar sararin ƙarƙashin takalma ya tafi, abin da ya rage maza ne zaune kan benci. A tsaya a gaban kwamfutar a ce a bar hoton yadda yake, farin gefe ya zauna, santimita 3 ko fiye. A wannan farin ne ma za a rubuta wuri da shekara da ƙananan baƙaƙe.

Fileks kam ba a ba da shawara. Injinsa an yi shi ne don allon da za a karanta daga tsallaken titi, ɗigonsa manya ne, saƙar ledar kuma na bayyana a fuska. Wanda aka buga faɗin mita ɗaya ya fito da layuka a kwance cikin hazo, alamar ƙura ta toshe wasu ƙofofin tawada, abin da ke yawaita da hunturu. Yana da arha, ba ya tsoron ruwa, shi ke nan amfaninsa.

Firam ɗin matsakaici ne. Katakon ya haɗu a kusurwa ba gibi, gilashin milimita 2 ne, ya isa A3, amma na A2, wato ninkin A3 biyu, a nemi mai 3. Kwalin da suke sa wa a baya ne matsala: yana shan laima da damina ya kumbura, takardar ta manne da gilashi, in an ɗaga ta tawadar ta biyo. A biya ƙarin a sa falle na filawud siriri, a liƙe zagayen bayan da tef mai faɗi don ƙurar hunturu da kyankyaso. Kada a yarda da laminatin mai zafi, yana ƙara sheƙi kuma ba ya cirewa. Ga mai ɗakin ƙasa a ƙauye, ƙusa inci 4 a kafa ta a karkace, a liƙa 'yan gutsattsarin roba biyu a kusurwoyin ƙasa don firam ya bar bango da kamar faɗin yatsa. Haka iska ke wucewa, gara kuma ba ta samun hanyar hawa katako a ɓoye. A guji bangon da rana ke duka ta taga, domin tawadar shagon ta ruwa ce, tana kodewa. Wanda ba ya son hoton mutane a inda ake salla ya san inda zai kai shi.

Mai rataya shi a gidan bulo ya shirya amsa, don yara masu koyon birkila za su tambayi ina igiyar tsaro da hular kwano. Babu su a hoton, kuma ba abin koyi ba ne ko a kan sikafol na bene hawa ɗaya.

Bugu da firam kan ɗauki yini ɗaya in akwai wuta, in kuwa janareta ne sukan tara aiki su buga da yamma. Juma'a ranar kasuwar Wudil ce, shagon kan cika da masu fasfo da katin gayyata, ba mai natsuwar yin gwajin yanki. A je Litinin ko Talata da hantsi.