Filin kafa tanti ko wurin hutu mai gidajen haya: wanne ya fi wa mai tafiya da iyali?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: zai yi tafiyar kwana biyar a mota da mai ɗakinsa da yara biyu, shin filin kafa tanti zai kama, ko wurin hutu mai gidajen haya? Ɗan'uwa, ka fara duba abu biyu: kayan da kake da su a hannu, da kuma ko wuri ɗaya za ku zauna.

A filin tanti, ƙasa kawai kake haya, tare da famfo da banɗaki na kowa da kowa. Sauran duk a wuyanka suke: tanti, turaku, guduma, shimfiɗa, fitila, murhu. Shi ya sa arharsa ta mai kaya ce. Wanda zai sayi komai saboda tafiya ɗaya, da wuya ya ga rangwame.

Idan tantin ka zaɓa, ka sayi na mutum 6 ko da ku huɗu ne, domin lissafin masu ƙera shi bai haɗa da jakunkuna ba. Ka duba lambar jure ruwa a jikin kwalin: milimita 3,000 ta wadatar ga rufi, ta daɓen tantin kuma gara ta kai 5,000. Ka kafa shi a ɗan tudu, domin kwari matattarar ruwa ne, ka karkata turaku kansu ya kauce wa tantin, ka ɗaure igiyoyi duka ko da babu iska. Da asuba mutane kan tarar da cikin rufin ya jiƙe su ce tantin na yoyo, alhali numfashinsu ne ya zama raɓa saboda sun toshe ƙofofin iska. Sanyi kuma ta ƙasa yake shigowa, don haka shimfiɗa mai kauri ta fi ƙarin bargo amfani.

Wutar lantarki ma a ƙayyade take. A filayen Turai akan ba da ampiya 6, 10 ko 16, wato iyakar wutar da za ka iya ja a lokaci guda. A kan bolt 230, ampiya 6 bai wuce wat 1,380 ba, butar lantarki mai wat 2,000 kuwa kana kunna ta wutar za ta ɗauke. Abin da muke roƙonka da babbar murya: kada ka shigar da murhun gawayi cikin tanti, ko da kamar ya mutu. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Wurin hutu kuwa gida ne a shirye, na katako ko na tirela da aka girke, yawanci ɗaki biyu ko uku da kicin, firji da banɗakinku ku kaɗai. Galibi akwai wurin ninƙaya da filin wasan yara. Matsalarsa ƙa'idoji. Da yawa ba sa bayarwa sai kwana 3, 4 ko 7, ana shiga da la'asar a fita da hantsi, kuma kuɗi na tashi sosai lokacin hutun makaranta. Kafin ka biya, ka tambaya ko zanin gado, tawul, gas da shara suna cikin kuɗin, da nawa za a riƙe na ajiya. Bangon gidan tirela siriri ne, saboda haka ka nemi wanda ke nesa da dandalin kiɗa.

A ganinmu, in yaran ba su kai shekara 5 ba kuma wuri ɗaya za ku yada zango, ku kama gidan haya. Raka yaro banɗaki da tocila ƙarfe biyu na dare, cikin ruwan sama, ba ƙaramin aiki ba ne. In kuwa kullum gaba za ku yi kuma kana da kayan, tanti ya fi, sai dai ka gwada kafa shi sau ɗaya kafin ranar tafiya, ka kuma isa filin da sauran rana.